Grayling: Garin da Ake Koya wa Baka Shiru

Grayling ƙaramin gari ne a arewacin jihar Mishigan ta Amurka, mutanensa ba su cika dubu biyu ba. Daga birnin Detroit mota kan ci kimanin kilomita 320 a kan babbar hanyar I-75 kafin ta iso shi. Tun ana ratsa gonakin masara da dogayen rumbuna, har gonaki su ƙare, ƙasa ta koma rairayi, daji ya rufe hanya dama da hagu. A watan Oktoba dajin nan kan sauya kaya. Wani ganyen ya yi ja wur, wani ya yi ruwan ɗorawa, itatuwan fayin kuwa suna nan kore shar, ba ruwansu da sanyi. Kogin Au Sable ya ratsa ta cikin gari, ruwansa garau har ana ganin yashin ƙasansa, ya nausa gabas sai da ya faɗa tafkin Huron a garin Oscoda.

Garin ya san abin da ɓarna ke haifarwa. Kifin da aka raɗa wa garin sunansa ya taɓa cika kogunan yankin, amma yawan kamu da turo gumagumai ta cikin ruwa suka gama da shi, zuwa shekarun 1930 babu ko ɗaya a duk jihar. Manyan itatuwan fayin da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, 'yan katako sun kwantar da su a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ya tsira a kusa shi ne wani yanki mai kimanin eka 49 a gandun Hartwick Pines, arewa maso gabas da gari, inda baƙo kan ɗaga kai har wuya ya yi ciwo bai ga ƙarshen itace ba. Mutanen da kakanninsu suka ga wannan asara da idonsu ba sa wasa da dokar daji. Farauta a nan da lasisi ake yin ta, da lokacinta, da adadin abin da mutum zai ɗauka.

Ran 1 ga Oktoba ake buɗe farautar barewa da baka, a ci gaba har 14 ga Nuwamba, washegari masu bindiga su karɓa. A cikin waɗannan makonni gidajen abinci kan buɗe tun da duhun asuba, motocin a-kori-kura su jeru a ƙofa, maza da mata cikin tufafi masu rodi-rodin ganye suna shan kofi a tsaitsaye. Da yawansu bakan zamani suke riƙe da shi, mai tayoyi da igiyoyi a kai da gindi. Amma a cikinsu ba a rasa masu tsohon yayi, wato baka na itace mai sheƙi wanda kawunansa biyu suka lanƙwashe suka juya gaba, wanda suke kira rikab. Duk irin wannan bakan da na gani, akwai tuntu biyu na gashi a jikin tsirkiyarsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Baƙo zai ɗauka ado ne ko wani asiri na maharba. Bin bahasin tuntun nan shi ya buɗe mini garin.

Mutumin da ya kawo baka

Ba a maganar baka a Grayling ba a ambaci Fred Bear ba. An haife shi a 1902 a Waynesboro ta jihar Pennsylvania, ya zo Detroit neman aiki a masana'antar motoci. A 1927 ya shiga silima ya kalli fim ɗin maharbi Art Young yana farauta da baka a Alaska, daga nan zuciyarsa ba ta sake barin kwari da baka ba. A 1933 shi da abokin aikinsa Charles Piper suka buɗe ƙaramin kamfani, suna yin kayan talla da rana, kayan harbi kuma a gefe. Yana cikin waɗanda suka matsa wa hukuma har Mishigan ta keɓe wa masu baka lokacin farautarsu a karon farko a 1937, a gundumomin Iosco da Newaygo. A 1947 ya tattara masana'antarsa ya dawo Grayling, kusa da dajin da kogin da yake ƙauna.

A nan ne aka ƙware wajen haɗa siraran itace da zaren gilashi a matse su da gam da zafi, abin da ya sa baka mai lanƙwasasshen kai ya yi araha har leburan masana'anta ya iya saye. Daga nan bakuna masu suna Grizzly da Kodiak suka fito, da kan kibiya mai suna Razorhead a 1956, da kwarin da ake ɗaurawa a jikin bakan kansa. Ɗaruruwan mutanen gari sun ci abinci a masana'antar. Bayan yajin aikin da aka fara a 1976, sai aka kwashe ta zuwa Gainesville ta jihar Fulorida a 1978, can kuma Bear ya rasu a 1988. Kayan gidan tarihinsa ma sun bar garin. Abin da ya rage a fili shi ne ɗan wurin da aka keɓe masa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda ta zama gidan tarihin gundumar Crawford. Sauran gadon yana rataye a bangon gidajen mutane, yana kuma hannun waɗanda suka san yadda ake gyara shi.

A garejin dattijo

Mai masaukina ya kai ni wurin wani dattijo da ke gyaran baka a garejin bayan gidansa. Wurin na ƙanshin itacen sida da kakin zuma. Murhun itace na ci a kusurwa. A bango bakuna ne kwance a kan ƙusoshi biyu-biyu, an sassauta musu tsirkiya. A kan teburi ga kurtun zare kala-kala, ga gashin talotalo da aka rina don gindin kibau, ga ƙaramin sikeli, ga wata fata mai laushi ruwan ƙasa da aka yanyanka siri-siri. A can ƙarshen garejin an jingine dami na ciyawa da aka matse, duk jikinsa huji.

Muna nan wani saurayi ya shigo da bakan kakansa, Grizzly mai tsawon inci 58. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi a hasken taga. Ya nuna mini kwabon ƙarfe mai hoton dabba da aka dasa a mariƙinsa, da sunan Grayling da aka buga a jikin reshensa, da rubutun hannu da ke cewa nauyin jansa laba 45 ne idan an ja inci 28. Akwai kuma shekarar 1953 a rubuce. Ya ce mutane da yawa kan ɗauka shekarar da aka ƙera bakan ke nan, alhali shekarar rajistar fasahar ce a Kanada, an yi ta buga ta a jikin bakuna har farkon shekarun 1970. Kafin ya yarda a ja shi sai da ya bi rassan biyu da yatsa yana neman tsaga, ya hango su ta tsawo ya tabbatar ba su murɗe ba.

Kukan saurayin ɗaya ne: bakan na da ƙara. Aka ɗana, ya tsaya, ya ja har yatsansa ya taɓa gefen bakinsa, ya saki. Tas! Ƙarar ta daki bangon garejin, bayanta kuma wani amo ya biyo, ziiin, yana ta kaɗawa bayan kibiya ta riga ta nutse a ciyawa. Dattijon ya sa ya maimaita, shi kuma ya juya baya ya rufe ido yana saurare. Ya ce mai harbi ba ya jin bakansa yadda yake, domin tsirkiya na kusa da kunnensa kuma hankalinsa na kan abin da ya auna. Wanda ke tsaye a gefe shi ke jin gaskiyar magana.

Ya rarrabe mana ƙarar gida biyu. Tas ɗin farko duka ce: a baka mai lanƙwasasshen kai, tsirkiya na kwanciya a jikin lanƙwasar, idan an ja sai ta ɗaga, idan an saki ta dawo ta mari itacen. Miƙaƙƙen baka irin na maharbanmu ba shi da wannan matsala, domin tsirkiyarsa ba ta taɓa komai sai kawunansa biyu, shi ya sa tun asali ya fi shiru. Amon da ke biyo baya kuwa kaɗawar tsirkiyar ce ita kanta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya san abin: a ɗaure zare tamau tsakanin wuri biyu, a fizge shi, dole ya yi kuka. Makaɗi kukan yake nema, ya yi ta gyara har ya fito sarai. Maharbi kuwa so yake ya kashe shi tun bai tashi ba.

Lissafin barewa

Dalilin duk wannan wahala lissafi ne mai sauƙi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Kibiyar farauta daga irin wannan baka ba ta wuce mita 50 zuwa 60 a sakan. Masu rikab ba su cika harbi daga nesa da yadi 20 ba, wato kimanin mita 18. A wannan tazara ƙarar tsirkiya kan isa kunnen barewa a cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, ita kuwa kibiya sai ta ci kusan sulusin sakan. Tsakanin isowar ƙara da isowar kibiya akwai fiye da rubu'in sakan, kuma barewar dajin nan, mai farar jela, ba ta buƙatar fiye da haka.

Idan ta razana, abin da take fara yi shi ne durƙusawa. Takan saki jikinta ƙasa ta tattara ƙarfi a ƙafafu kafin ta zabura. Abin da aka saki yana faɗuwar kusan santimita 20 a cikin kashi biyu bisa goma na sakan, kuma faɗin wurin da ake so kibiya ta shiga, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, bai fi haka da yawa ba. Ke nan harbin da aka auna daidai yana iya wucewa ta saman bayanta. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai munin shi ne kibiya ta same ta a tsokar baya, ko a ciki, ko a cinya, ta gudu da rauni.

A nan ne maharbin Mishigan ya bambanta da namu. Maharbin ƙasar Hausa ya gaji dafi, ana dafa shi da 'ya'yan kwankwani da sauran haɗi, kibiya ko a cinya ta kama sai dafin ya ƙarasa aiki. A Mishigan doka ta hana dafi. Kaifin kan kibiya kaɗai aka dogara da shi, kuma ba ya aiki da sauri sai ya ratsa huhu. Babu bakan da zai riga sauti isa, komai ƙarfinsa, kuma babu wanda za a mayar shiru tsit. Abin da ake nema shi ne a sauya irin ƙarar. Kaifaffiyar ƙara mai tsini ita ke sa dabba zabura. Ƙara mai taushi, ɗan dum a ƙasa-ƙasa, daji cike yake da irinta, reshe ya faɗo, 'ya'yan itace su zubo, sau da yawa barewa kan ɗaga kunne ne kawai.

Gyara kafin tuntu

Na zaci dattijon zai miƙa hannu ga fatar nan ta kan teburi. Bai ko dube ta ba. Ya ce ƙara ƙarfi ne da ya ɓata hanya: duk abin da maharbi ya tara a rassan baka lokacin ja, ko ya bi kibiya ya tafi, ko ya tsaya a jikin baka ya zama kaɗawa da amo. Wanda ya fara da ɗaura gashi ya rufe bakin ciwo ne bai yi magani ba.

Ya fara da tsirkiyar. Ta saurayin sabuwa ce, ta zaren zamani marar miƙewa, irin su Fast Flight da suka shigo a shekarun 1980. Irin wannan zaren na ƙara wa kibiya gudu, amma idan ya dawo yana tsayawa ne cak, ba sassauci. Tsofaffin bakunan Grayling ba a ƙarfafa kawunansu don irinsa ba, yana iya yanka kan baka ya tsaga shi. Ya cire ta ya rataye. Ya ɗauko zaren Dacron, wanda ake kira B-50, mai ɗan miƙewa da taushin murya. Ya ƙirga sili goma sha huɗu, bakwai baƙi bakwai ruwan ƙasa, ya shafe su da kakin zuma, ya shiga murza su da yatsu yana tufka hancin da zai shiga kan baka, ba ƙulli ko ɗaya. Tufkar Filemish suke ce mata. Kaurin tufkar a ƙarshen tsirkiya shi kansa matashi ne tsakaninta da itace.

Sai tazarar tsirkiya, wato nisan da ke tsakaninta da maƙogwaron mariƙi idan baka na ɗane ba a ja shi ba. Ya ce a nan rabin maganin yake. Ya sa ma'auni, ya sami inci bakwai ba ko ɗigo. Irin wannan bakan yakan so tsakanin bakwai da rabi zuwa takwas da rabi. Idan tazarar ta yi kaɗan, tsirkiya na kwanciya da yawa a jikin lanƙwasa, marin ya yi ƙarfi, har ta riƙa dukan hannun mai harbi. Gyaran ba ya cin ko sisi: a sauke tsirkiya, a ƙara mata murɗi kaɗan ta gajarce, a mayar, a harba, a saurara. Haka suka yi ta yi, shi yana murɗawa, saurayin yana harbi. Ina tsaye a gefe ina jin tas ɗin nan na raguwa a hankali, har aka zo wani wuri, ƙasa kaɗan da inci takwas, inda bakan ya daina rawa a hannu. Dattijon ya ƙara murɗi don ya gwada, ƙarar ba ta sake raguwa ba, sai ya koma inda yake. Ya rubuta adadin da fensir a takarda ya ba saurayin, ya ce sabuwar tsirkiya za ta miƙe a kwanakin farko, ya riƙa aunawa kafin ya fita.

Daga nan ya ɗora kibiyar saurayin a sikeli. Giram 21. Ya girgiza kai. Ƙa'idar da masu farauta da rikab suka fi bi ita ce kowace laba ta nauyin ja a ba ta kusan giren goma na nauyin kibiya, giren kuwa ɗan ma'auni ne da bai kai kashi bakwai bisa ɗari na giram ba. Baka mai laba 45 ke nan yana son kibiya mai kimanin giram 29. Kibiya marar nauyi takan fice da wuri ta bar ragowar ƙarfi a jikin baka. Iyakar wannan shi ne a saki tsirkiya ba kibiya sam, abin da ke iya fasa baka nan take. Ya zaro wata ta itacen sida daga kwarinsa, mai kauri, ya miƙa. Ita kaɗai ta sauke muryar bakan ƙasa sosai. Gudunta bai kai na waccan ba, amma da muka je zarewa sai da aka sa hannu biyu.

Akwai ƙananan abubuwa da ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya maƙala gindin kibiya a tsirkiya ya bar ta tana reto, ya ɗan ƙwanƙwasa tsirkiyar da yatsa, kibiyar ta faɗo. Ya ce da ta ƙi faɗowa, tsagar gindin ta matse ke nan, za ta riƙa fizgar tsirkiya wajen rabuwa. Ya ɓamɓare tsohuwar fatar da ta ƙeƙashe a inda kibiya ke kwanciya, ya manna sabuwa mai gashi, don kada kyauro ya yi ƙara yayin ja, lokacin da barewa ke kusa kuma daji ya yi tsit. Ya riƙe bakan ya bubbuga shi da tafin hannu yana saurare, sai ga wani ɗan kacau-kacau daga kwarin da ke ɗaure a jiki, ya ɗaure ƙusar. Ya naɗe ƙarshen tsirkiya sama da ƙasa da zaren ulu, daidai tsawon da take kwanciya a kan itace. Wasu, in ji shi, sukan manna ƙyalle mai laushi a jikin reshen maimakon haka.

Sai a ƙarshe ya ɗauko fatar. Ta biba ce, wata dabbar ruwa mai faffaɗar jela da ke sare itatuwa da haƙori tana datse rafuka. Fatarta ce ta jawo fataken Faransa zuwa waɗannan tafkuna tun ƙarni na 17, kuma har yau ana kama ta da tarko bisa lasisi. Gashinta ba ya riƙe ruwa, shi ya sa aka fi son ta a kan ulu, wanda kan jiƙe ya kuma kwashi ƙaya. Masu son araha sukan sa siraran zaren roba. Ya auna tsirkiya daga inda ta rabu da reshen sama zuwa inda ta rabu da na ƙasa, ya raba huɗu, ya sa alama a rubu'in farko da na ƙarshe. Wasu a sulusi suke sawa. Gwargwadon matsowar tuntu tsakiya, gwargwadon yadda yake shanye kaɗawa, gwargwadon kuma gudun da yake rage wa kibiya. Ya sassauta bakan, ya buɗe tufkar gida biyu da farce, ya cusa kan fatar, ya naɗa ta a jikin tsirkiya gashi na waje, ya cusa ɗaya kan. Da aka ɗana, tufkar ta matse ta gam. Ya hura mata iska, gashin ya tashi ya zama tuntu.

Saurayin ya ja ya saki. Dum. Daga nan sai ƙarar kibiya a ciyawa, wadda a da ba ma jin ta. Ya tsaya yana duban bakan kakansa, ya sake harbawa don ya tabbatar. Dattijon ya ce abin da ya rage ba ya sayuwa: yatsu. Wanda ke fizgar tsirkiya gefe wajen saki, ko ya naɗe ta da fatar biba goma, bakansa zai yi kuka. Sakin kirki shi ne yatsu su saki jiki kawai, tsirkiya ta ture su ta wuce, hannu ya zame baya ta gefen wuya. Duk gyaran nan bai rage wa kibiya gudu sosai ba, ban da abin da nauyinta ya rage. 'Yan wasan Olamfik ma rikab suke harbawa, daga mita 70, amma ba za ka ga gashi a tsirkiyarsu ba. Allon da suke auna ba ya da kunne.

A cikin daji

Mai masaukina ya yarda na bi shi da sassafe, da sharaɗin in zauna inda ya ajiye ni kada in motsa. Sanyi ya sauka da dare, ganyen da ya zuba ya daskare, kowane taku sai ya yi ƙaras. Ya duba inda iska ke kaɗawa da ɗan farin gari da ya matso daga kwalba, muka zagaya ta yadda ba za ta kai warinmu gaba ba. Muka zauna a gindin wani itacen da ya faɗi, kusa da wata 'yar hanya da kofatai suka tattake. Maharbinmu kan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya ya bi dabba har ya cim mata. Na nan ya fi yawan zama ne wuri ɗaya, a ƙasa ko a kan itace, ya jira ta zo da kanta.

Sai mutum ya zauna a irin wannan wuri yake gane girman ƙaramar ƙara. Kurege na tonon ganye can nesa, ana jin sa sarai. Haɗiyar yawu ma sai ka ji ta cika maka kunne. Da rana ta fara taɓa kan itatuwa, wata barewa ta fito daga cikin sarƙaƙiya, taku ɗaya, tsayawa, taku biyu, tsayawa. Kunnuwanta ba sa hutawa, kowanne na juyawa inda ya ga dama, ɗaya gaba ɗaya baya. Tana nesa da mu fiye da inda rikab ke kaiwa da tabbaci. Mai masaukina ya ɗora yatsu a tsirkiya bai ja ba. Can wani tsuntsu ya yi tsuwa, a take na ga abin da aka lissafa mini a gareji: bayanta ya sauka, ƙafafu suka lanƙwashe, kafin ƙiftawar ido ta ɗaga farar jelarta ta yi tsalle ta ɓace. Da kibiya na kan hanya a lokacin, da ba ta same ta inda aka nufa ba.

A hanyar komawa ya ce mini yakan yi kaka guda bai saki kibiya ko ɗaya ba, kuma ba ya ganin ya yi asara. Dabbar da ta riga ta tsargu, ta kafa kunne tana kallon wajenka, ba a harbinta, komai shirun baka. Abin da ke hana shi barci shi ne tuna wadda aka raunata aka bi jininta da tocila har ya ɗauke ba a same ta ba. Kowane tsohon maharbi a garin nan, in ji shi, yana da irin wannan dare a ransa, kuma shi ke mayar da mutum gareji ya zauna yana murɗa tsirkiya.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mun tashi ana koya mana cewa wanda zai yanka dabba ya wasa wuƙarsa, kada ya wasa ta a gabanta, kada ya ja mata wahala. Halascin cin nama bai ɗauke wa mutum nauyin kyautatawa ba. Mutanen Grayling sun zo ga wannan ta tasu hanyar, da ma'auni da sikeli da fatar biba. Masana'anta ta bar su tun 1978, amma yaro na iya sauko da bakan kakansa daga bango ya sami wanda zai zauna da shi rabin yini, ya nuna masa cewa tun a gida ake fara sauke haƙƙin dabbar da za a harba a daji. Duk mai riƙe da makamin farauta, baka ne ko bindiga, a Mishigan yake ko a dajin ƙasarmu, ana bin sa wannan bashin: ya gyara kayansa iyakar iyawarsa, ya san iyakar inda hannunsa ke kaiwa, in kuwa abin ya wuce nan ya bar dabba ta tafi lafiya.